ADIRESHIN MASU MULKI: TARIHIN WATA GARDAMA TSAKANIN SIRRI DA BAYANI

Kowace Gwamnati ta duniya tana da takardu. A cikinsu ake rubuta harajin da aka karɓa, da wurin da aka kashe shi, da sunan wanda aka ba, da dalilin ba shi. Shekaru aru aru masu mulki suna ganin takardun nan nasu ne su kaɗai, talaka kuwa ba shi da ikon ya leƙa. Daga baya waɗansu ƙasashe suka sake shawara, suka ce tun da kuɗin na jama'a ne, takardun ma na jama'a ne. Amma da aka buɗe sai wata wahala ta ɓullo, gama a cikin takardun akwai sunayen mutane, da adireshin gidajensu, da wurin da iyalinsu ke kwana. Mai son ya tsare dukiyar jama'a yana bukatar ya gani, mai nufin mugunta kuma shi ma yana iya gani. Ga labarin yadda waɗansu ƙasashe suka yi fama da wannan al'amari.

MAFARIN ABIN A SUWIDIN

Ƙasar da ta fara kafa dokar buɗe takardun Gwamnati ita ce Suwidin, can arewacin Turai. A zamanin nan jam'iyyu biyu ke ja-in-ja a majalisar ƙasar, ana ce da ɗaya Masu Malfa, ɗaya kuwa Masu Hula. Masu Malfa sun daɗe suna riƙe da mulki, suka jefa ƙasar cikin yaƙi sau biyu, baitulmali ya rame, ba kuwa wanda ya san ainihin inda kuɗi suka shiga, don duk an rufe lissafin. Cikin 1765 Masu Hula suka rinjaya, suka ƙudura sai an tone.

A cikinsu akwai wani limamin Kirista, sunansa Anders Chydenius, mutumin Finlan, wadda a lokacin tana ƙarƙashin Suwidin. Shi ne ya fi kowa tsayawa a kan maganar. Ra'ayinsa shi ne, wakilai ba su iya yin doka mai kyau in ba su san gaskiyar al'amura ba, jama'a kuma ba su iya tsare wakilansu in an bar su cikin duhu. Ran 2 ga watan Disamba 1766 aka kafa dokar. Ta ba kowa izni ya nemi takardun hukuma, ya karanta, har ya buga su, sai fa 'yan kaɗan da aka keɓe. Dokar ba ta daɗe da ƙarfinta ba, don cikin 1772 Sarki Gustav na Uku ya ƙwace mulki daga hannun majalisa, ya raunana ta. Bayan 1809 aka komo da ita, har yau kuwa tana cikin tushen dokokin ƙasar. A Suwidin ko yawan kuɗin da mutum ya biya haraji a kansu ba asiri ba ne, amma wanda aka tabbata ana farautar ransa yana iya roƙon hukuma ta rufe adireshinsa.

Sai da aka shekara 200 cif kāna Amurka ta bi sawu. Wani wakili daga Kalifoniya, John Moss, ya yi shekara 11 yana ta fama, har Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu ran 4 ga Yuli 1966. Dokar Amurka ta zo da togaciya tara, ta shida kuwa ta ce ba a ba da takardar da za ta keta sirrin mutum ba bisa dalili ba. Watau tun daga fari masu yin doka sun san akwai hakki biyu da ke karo da juna. Abin da ba su yanke ba shi ne inda ɗaya ya ƙare, ɗaya ya soma.

INGILA TA BUƊE ƘOFA

Ingila ta fi su jinkiri, don ƙasa ce da ta saba da rufe al'amuran hukuma. Cikin 1911 ta kafa doka mai tsanani wadda ta hana ma'aikacin Gwamnati faɗin abin da ya gani a ofis, kome ƙanƙantarsa. Sai cikin 2000, zamanin Firayim Minista Tony Blair, aka yi dokar neman bayani, ta fara aiki sosai ran 1 ga Janairu 2005. Majalisar Wakilai da ta yi dokar ta sa kanta cikin ma'aikatun da dokar ta hau.

To, a lokacin wakilan nan su 646 ne. Mafi yawansu mazaɓarsu tana nesa da London, sabo da haka tilas su riƙe gida biyu, ɗaya a mazaɓa, ɗaya kusa da Majalisa. Don a sauƙaƙa musu, aka yanka musu wani kuɗi, wanda ya kai wajen fam 24,000 a shekara, na hidimar gida na biyu. Da shi ake biyan haya, ko ruwan bashin sayen gidan, da gyare-gyare, da kayan ɗaki. Wakili shi da kansa ke faɗin wanne ne gidansa na biyu, akawunan Majalisa su rubuta, su biya. Jimlar da kowa ya karɓa ana bugawa, amma rasit ɗin ba wanda ke gani.

Waɗansu 'yan jarida uku, Heather Brooke da Ben Leapman da Jonathan Ungoed-Thomas, suka rubuta wa Majalisa bisa ga sabuwar doka, suka ce suna son su ga dalla-dalla abin da waɗansu wakilai suka karɓa. Majalisa ta ƙi. Hausawa sun ce wanzami ba ya son jarfa. Cikin 2007 har wani wakili ya kawo shirin doka don a cire Majalisa daga dokar ɗungum. Wakilai suka yarda, amma da shirin ya isa majalisa ta biyu, ta masu sarauta, ba a sami ko mutum ɗaya da ya yarda ya ɗauki nauyinsa ba, ya mutu a nan.

HUJJAR MASU TSORO

Kada mai karatu ya zaci duk wanda ya ƙi a buɗe takardun ɓarawo ne. Da yawa cikinsu ba su ci kome ba, tsoronsu kuwa yana da tushe. Cikin Maris 1979 aka kashe wakili Airey Neave da bom da aka ɗana a motarsa, ya tashi sa'ad da yake fita daga harabar Majalisa. Ran 30 ga Yuli 1990 kuma 'yan tawayen Ailan suka kashe wani wakili, Ian Gow, a ƙofar gidansa a ƙauye. Shi mutum ne mai taurin rai, ya san suna nemansa, amma ya bar adireshinsa cikin littafin lambobin waya, kowa na gani. Suka zo da dare suka ɗana bom ƙarƙashin motarsa, da safe ya shiga zai fita, abin ya tashi.

Sabo da haka wakilai suka ce, su aka zaɓa, ba matansu da 'ya'yansu ba. Wakili yana kwana huɗu a London kowane mako, iyalinsa na gida su kaɗai. In aka tara adireshin wakilai duka a takarda guda, aka watsa, an rage wa mai kisa aiki ke nan. Suka ƙara da cewa, in aikin wakilci ya zama na sayar da rai, mutanen kirki za su guje shi, mata musamman, ƙasa kuwa ita za ta yi hasara.

'Yan jaridar suka amsa da cewa, ba gida kawai ake magana ba, gida ne wanda jama'a ke biyan kuɗinsa. Kowa ya ci ladan kuturu, ya yi masa aski. In ba a san inda gidan yake ba, ƙaƙa za a san ko akwai shi ma, ko wakilin na kwana a ciki, ko kuwa ya ba wani haya yana karɓar kuɗi biyu?

Magana ta kai gaban shari'a. Cikin Fabrairu 2008 kotun da ke duba ƙarar neman bayani ta ba 'yan jarida gaskiya, ta ce tsarin biyan kuɗin nan sakwa-sakwa ne ƙwarai, ba abin da zai gyara shi sai idon jama'a. Majalisa ta ɗaukaka ƙara. Ran 16 ga Mayu 2008 Babbar Kotu ta tabbatar da hukuncin. Game da adireshi, alƙalai suka ce ba wani babban asiri ba ne, gama maƙwabta sun sani, mai kawo wasiƙa ya sani, duk mai takara kuma a lokacin ana buga adireshinsa a takardun zaɓe. Amma suka yarda a rufe na wanda ya nuna akwai wani haɗari na musamman a kansa.

Wakilai ba su haƙura ba. Abin da suka rasa a kotu suka nema a zauren Majalisa. Cikin Yuli 2008 aka zartar da wani umurni wanda ya fid da adireshin wakilai, da shirin tafiye-tafiyensu, da al'amuran tsaronsu, daga cikin abin da doka ta ce a bayar. Aka shiga shirin buga rasit, amma bayan an shafe waɗannan wurare da baƙin tawada.

RANAR TONON ASIRI

Kafin a gama aikin shafewa, sai wani ya kwafe takardun nan duka yadda suke, ba shafi ko ɗaya, aka sayar wa jaridar Daily Telegraph. Ran 8 ga Mayu 2009 ta fara bugawa, ta yi ta yi kullum har makonni. Mutane suka riƙe baki. Akwai wakilin da ya nemi a biya shi fam 1,645 na wani ɗan ɗaki da ya sa a tsakiyar tafkinsa don agwagi, ko da yake wannan ba a biya ba. Akwai wanda ya yi ta karɓar ruwan bashin gida alhali ya riga ya gama biyan bashin. Akwai wata da ta karɓi fam 22,500 don gyaran wani gida a Southampton, wajen mil 100 daga mazaɓarta.

Amma abin da ya fi yawa shi ne dabarar juya gida. Ga yadda ake yinta. Wakili ya ce gidansa na London shi ne na biyu, ya gyara shi, ya zuba kaya, jama'a su biya. In ya gama sai ya koma wurin akawu ya ce yanzu na mazaɓa ne na biyu, shi ma a gyara. Waɗansu har su sayar da wanda aka gyara, su ci riba. Waɗansu kuma su gaya wa Majalisa gida kaza ne na biyu, su gaya wa ofishin haraji shi ne na fari, don kada su biya harajin ribar sayarwa. Galibin wannan bai saɓa wa ƙa'idar Majalisa ba, don ƙa'idar ce ta lalace. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A nan ne gaskiyar 'yan jarida ta fito fili. Ba yadda za a gane juya gida sai an ga adireshi, a gwada na bara da na bana. Ran 18 ga Yuni 2009 Majalisa ta buga nata takardun, ga su nan shafi bayan shafi baƙi ƙirin. Da su kaɗai aka samu, da dabarar nan ba ta tonu ba har abada, matar nan ta Southampton kuwa da an ce gyaran gida ta yi kawai.

Abin ya ci mutane da yawa. Shugaban Majalisa, Michael Martin, wanda ya shugabanci ƙin buɗe takardun, ya sauka daga kujerarsa, rabon da a tilasta wa mai wannan muƙami sauka kuwa tun 1695. Ministoci suka ajiye aiki. Aka naɗa Sir Thomas Legg ya bi lissafin, aka umurci fiye da rabin waɗanda ya duba su mayar da kuɗi, jimla fiye da fam miliyan ɗaya. Cikin 2011 aka ɗaure mutum huɗu da suka yi wakilci, da biyu daga majalisar masu sarauta. Aka kuma kafa wata hukuma dabam, wadda ba ta ƙarƙashin wakilai, ita ke biyansu, tana kuma buga abin da kowa ya karɓa.

TSORO YA SAKE DAWOWA

Da labarin ya tsaya nan, da sai a ce masu tsoro ba su da hujja. Amma bai tsaya ba. Ran 16 ga Yuni 2016 wani ya harbe wakiliya Jo Cox, ya kuma sassoke ta, a kan titi a Birstall, tana kan hanyar zuwa ganawa da mutanen mazaɓarta. Ran 15 ga Oktoba 2021 aka kashe Sir David Amess da wuƙa, yana zaune yana sauraron koke-koken jama'a. Su biyun nan ba a gidajensu aka same su ba, a wurin aiki ne, wanda ba shi rufuwa. Wannan ya nuna rufe adireshi ba ya maganin kowane haɗari. Duk da haka ya tabbatar wa kowa akwai masu farautar wakilai da gaske.

Ingila ta nemi hanya ta tsakiya. Tun daga zaɓen 2010 mai takarar wakilci yana iya hana a buga adireshinsa, sai dai a faɗi mazaɓar da gidansa yake. Cikin 2019 aka ba masu takarar ƙananan majalisu irin wannan dama. Watau mai jefa ƙuri'a ya san ko mutumin ɗan gari ne ko baƙo, amma bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

ALƘALIYAR AMURKA DA ƊANTA

A Amurka al'amarin ya ɗauki wata kama, sabo da zuwan intanet. Dā mai neman adireshin wani sai ya taka zuwa ofis, ya tambayi akawu, a ga fuskarsa. Yanzu akwai kamfanoni da sana'arsu ita ce tattara abin da ke cikin rajistar filaye, da ta masu zaɓe, da sauran takardun hukuma, su haɗa, su sayar wa kowa da 'yan kuɗi kaɗan. Takardar da dā tana buɗe amma tana da wuyar kai wa, yanzu ta zo tafin hannu.

Ran 19 ga Yuli 2020 wani lauya da ya taɓa kawo ƙara gaban Alƙaliya Esther Salas, a jihar New Jersey, ya sa tufafin masu kai saƙo, ya je gidanta. Ɗanta guda ɗaya tak, mai shekara 20, ya buɗe ƙofa, mutumin ya harbe shi har lahira, ya ji wa mijinta rauni mai tsanani. Daga baya aka tarar ya tattara bayani mai yawa a kanta, har da adireshin. Alƙaliyar ba ta yi shiru ba, ta yi ta kira a gyara doka. Cikin Nuwamba 2020 jihar ta kafa wadda ake kira Dokar Daniel, da sunan yaron, ta ba alƙalai da masu gabatar da ƙara da 'yan sanda iko su hana a watsa adireshinsu. Cikin Disamba 2022 aka yi irinta don alƙalan Gwamnatin Tarayya.

Ba a daɗe ba sai tsohuwar gardamar nan ta Ingila ta taso a can. Cikin 2023 wani ɗan jarida, Charles Kratovil, ya gano shugaban 'yan sandan birnin New Brunswick yana zaune a wani gari mai nisan fiye da sa'a biyu a mota. Ya ga wannan magana ce da ta shafi jama'a, don mai tsaron gari ya kamata a san ko yana kusa. Adireshin kuwa daga takardun hukuma ya same shi, ta hanyar halal. Aka aiko masa da gargaɗi bisa Dokar Daniel kada ya buga. Ya kai ƙara, har Kotun Ƙoli ta jihar. Cikin Yuni 2025 ta yanke cewa yana da iko ya faɗi garin, da nisansa, amma ban da titi da lambar gida. Hukuncin ya yi kusa da hanyar da Ingila ta bi game da masu takara.

Nijeriya ita ma tana cikin ƙasashen da suka yi irin wannan doka. Ran 28 ga Mayu 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu. Ta hana ba da bayanin da ya shafi sirrin mutum, amma ta ce a bayar in amfanin jama'a ya rinjayi sirrin. Tsarin mulki kuma ya wajabta wa masu riƙe da muƙami su rubuta dukiyarsu su miƙa wa hukumar ɗa'ar ma'aikata, sai dai an daɗe ana jayayya ko talaka na da ikon ganin abin da suka rubuta. Cikin 2007 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana tasa a fili da ganin damarsa.

ABIN DA TARIHIN YA NUNA

In aka duba labarun nan gaba ɗaya, za a ga abu uku. Na fari, duk abin da ya shafi kuɗin jama'a, ko yadda mutum ke yin aikin da aka ɗauke shi dominsa, hakkin jama'a ne su sani, ko da mai muƙami zai ji kunya. Jin kunya dabam, haɗari dabam, masu mulki kuwa sau da yawa sukan kira na farin da sunan na biyu. Na biyu, iyalin ma'aikaci ba su ci albashin kowa ba, yaron nan na New Jersey bai taɓa yanke wa kowa hukunci ba. Sau da yawa ana iya biyan bukatar jama'a da faɗin gari ko mazaɓa, a bar lambar gida.

Na uku shi ne ya fi nauyi, watau wa zai riƙe tawadar shafewa. Majalisar Ingila ta riƙe da kanta, ta shafe abin da ya tsare ranta, ta haɗa da abin da ya tsare aljihunta. Shi ya sa daga baya aka ɗauke aikin aka ba wata hukuma dabam, aka kuma bar ƙofar kotu a buɗe ga wanda bai gamsu ba. In aka rufe wani abu daga idon jama'a, wajibi ne a sami wani amintacce, wanda ba shi da rabo a ciki, ya gani a madadinsu.

Shekara 250 da ɗoriya ke nan tun da limamin nan na Finlan ya tsaya a majalisar Suwidin, har yanzu kuwa ba ƙasar da ta auna ma'aunin nan ya zauna daram. Bayan kowace ɓarna jama'a sukan ce a buɗe, bayan kowane kisa sukan ce a rufe. Talakan da ya iya karatu shi ke da ikon bin maganar da kansa, in an ce masa an rufe takarda don tsaro, ya tambaya tsaron ran wa, in kuwa an ce a buɗe, ya tambaya wane amfani buɗewar za ta yi wa jama'a.